Aikin Aku na Yi a Shekarar da Aka Rufe Makarantu

Assalamu alaikum. Ni malamin Larabci ne a makarantar firamare, haifaffen Mai Wurno da ke jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, a bakin reshen kogin Nilu da muke kira Bahar Azrak. Kakanninmu na cikin waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas bayan Turawa sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi cikin 1903. Makka suka nufa, Allah ya sa a nan ƙasarsu take. A gida Hausa muke yi, maƙwabtanmu da yawa Fillanci, amma makaranta da ofis da asibiti duk Larabci ne. Hausa a wurinmu ta baki ce kawai. In ka ga an rubuta ta, to wani tsohon malami ne ya kwafi waƙar wa'azi da ajami. Saboda haka kafin in shiga labarin, gara in faɗi yadda aka yi mutum irina ya iya boko.

A 1985, shekarar da aka hamɓarar da shugaban ƙasa Numairi, ana tsakiyar fari da yunwa, wani tela Bazazzage ya sauka a zaurenmu. Hajji zai tafi ta ƙasa, guzuri ya ƙare masa a hanya. Wannan ba baƙon abu ba ne a garinmu: tun zamanin kakanni alhazai kan tsaya su yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira, su tara na jirgin ruwa, wasu su wuce, wasu su yi aure su manta da wucewar. Shi ya hayi keken ɗinki ya kafa a ƙofar gidanmu. A cikin adakarsa, ƙarƙashin harami da wasu riguna biyu, akwai littattafai uku bugun Zariya, Magana Jari Ce na ɗaya da na biyu da na uku.

Bayan sallar isha'i yakan kunna fitilar ƙwai ya karanta wa kansa, yana dariya shi kaɗai. Dariyar ce ta jawo mu. Da ya ga mun kewaye shi sai ya fara ɗaga murya, kuma mutumin ya iya: in sarki zai yi magana ya kumbura wuya, in tsohuwa ce ya matse hanci, in aka zo kan aku sai ya karkace kai gefe guda yana kallonmu da ido ɗaya. Da farko Baba bai so ba. Ya ce da shi, “Malam, yaran nan allonsu bai bushe ba, ka zo musu da tatsuniya cikin rubutun Nasara?” Ba a yi nisa ba sai ga Baba da kansa yana jawo buzunsa kusa, wai iska ta fi kaɗawa ta wajen. Inna kuwa daga bayan zana take saurare, in aka zo wurin dariya mu ji muryarta.

Ni na fi kowa naci, don haka telan ya koya mini baƙaƙen. Da allin da yake zana yadi yake rubuta mini su a jikin teburin keke, ya goge da babban yatsa, ya sake. A lokacinmu ba a fara Ingilishi sai an shiga mutawassiɗa, wato makarantar gaba da firamare, don haka haruffan Turawa na farko da na sani da Hausa na san su. Ranar da zai kama hanyar Bur Sudan ya miƙo mini littattafan ya ce, “Ungo, ɗan masu gida. Nauyi ne gare ni, can inda za ni Alƙur'ani ya ishe ni.” Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Allah ya jiƙansa in ya riga mu, in yana raye Allah ya sa ya gama lafiya.

Na karanta su har bangon ya rabu da jiki. Daga nan girma ya zo, karatu a Hartum, aikin koyarwa, aure, 'ya'ya. Littattafan suka koma adaka, gara ta ci gefen na biyun.

Akwai abin da duk malamin da ya koyar a garuruwan Hausawa na Sudan ya sani. Yaro ya shigo aji ɗaya, a gida bakinsa ba ya rufuwa, amma da ya zauna a kan benci sai ya zama kurma. Larabcin kasuwa ma bai gama kamawa ba, ga shi ana yi masa na littafi. Zai haddace, zai maimaita, zai kwafa daga allo, amma ka ce ya faɗi ra'ayinsa ko ya rubuta insha'i na layi biyar, sai ya sunkuyar da kai. Wasu su farfaɗo a aji uku ko huɗu. Wasu kuwa an riga an sa musu suna dolaye, su ma sun yarda, sai su bar makarantar su tafi kamun kifi ko gona. Shekara da shekaru ina ganin wannan, na ɗauke shi kamar zafin rana, abin da ba yadda za a yi da shi.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Aka rufe makarantu a ƙasar baki ɗaya. A Disamban shekarar Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi, mutane suka kwararo kudu, wasu a manyan motoci, wasu a ƙafa. Azuzuwanmu suka zama ɗakunan kwana, aka rataya zannuwa a tagogi, ana girki a inda muke taron safe. Albashi ya tsaya. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke, ba labarin 'yan'uwa, ba hanyar karɓar kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, ba abin da mutum zai duba ya rage dare. A cikin wannan zaman ne na buɗe adaka ina neman wata takardar gona, hannuna ya faɗa kan littattafan.

Abin da na tarar ba shi na bari ba. Ina yaro, labaran ciki nake bi. Duk inda aka koma kan Musa da aku sai in yi tsalle in wuce, don a ganina ɓata lokaci ne kafin a kai ga ɓarayi da aljanu. Yanzu kuwa wannan wurin da nake tsallakewa shi ya riƙe ni. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi. An bar ɗansa Musa a gida, zuciyarsa na tafasa, yana so ya bi ɗan'uwansa Mahmudu fagen fama. Waziri ya shirya masa tarko a waje, fitarsa kawai ake jira. Bayi da dogarai ba su iya tsare shi ba. Wa ya tsare shi? Tsuntsu. Kuma bai taɓa ce masa “kada ka tafi” ba, don ya san ɗan sarki ne, in aka hana shi ƙarfi zai sa. Kullum sai ya nuna kamar ya yarda, ya yaba masa, sa'an nan ya jefo wata magana da za ta sa yaron ya tambaya, daga tambaya sai labari, daga labari sai asuba. Gobe kuma haka. Na ajiye littafin na yi shiru, domin a daidai wannan lokacin ana ta kiran samari zuwa sansanonin horo, istinfari, kuma yaran da na koya wa alifun ba'un suna tsaye a bakin hanya suna kallon motocin sojoji.

Na kuma ga gwanintar da yaro ba zai gani ba. Tun ina Hartum ɗaliban Nijeriya da ke Jami'ar Afirka suka ba ni tarihin marubucin, Alhaji Abubakar Imam: haifaffen Kagara a 1911, malamin makarantar Midil ta Katsina, wanda Ruwan Bagaja ya fito da shi a gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933. Rupert East, Baturen da ke kula da hukumar wallafa littattafai, ya kira shi Zariya a 1936, ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, ya zauna ya rubuta waɗannan ukun, suka fito tsakanin 1937 da 1939, shekarar da ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Na san duk wannan, amma sai a karatun nan na biyu ya shiga kaina cewa malamin aji ne ya rubuta su, kuma don 'yan makaranta aka yi su. Dubi tsawon labaran: kowanne daidai zama ɗaya. Dubi kanunsu, yawanci karin magana ne. Dubi littafi na uku, inda aku, bayan ya zama waziri, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari. Wannan ai darasin koyarwa ne aka sa masa fuka-fukai.

Ba duka na ji daɗi ba, gaskiya. Mata a cikin labarai da yawa ko makirai ne ko wawaye. Ana ambaton bayi kamar ana ambaton tabarmi. Baƙauye kuwa kullum shi ne abin dariya, mu kuma a idon mutanen Hartum duk ƙauyawa ne. Akwai labaran da na karanta na ce wannan ba zan kai shi gaban yara ba, akwai kuma waɗanda na ce zan kai, amma sai mun yi faɗa da su.

Na fara da 'ya'yana da na ƙanena a gindin darbejiyar da ke bayan makaranta, bayan la'asar. Kafin wani lokaci inuwar ta yi mana kaɗan. Akwai 'yan gari, akwai 'ya'yan Hausawan Madani da suka yi gudun hijira, har da wasu yaran da ba sa jin Hausa, suna zaune kusa da abokansu ana raɗa musu fassara.

Rikicin farko a kan Sarkin Sinari aka yi shi. Da na karanta cewa shi ne abokin gaban Sarki Abdurrahman, sai wani yaro ya miƙe ya ce, “Ustaz, Sinari ai mu ne!” Nan take ajin ya rabu biyu. An koya musu a darasin tarihi cewa Sinnar ta yi sarauta daga 1504 har 1821, suna alfahari da ita, ga shi littafin Hausa ya sa sarkinta a ɓangaren da ba a so. Wasu suka ce ai shi aka fara wulaƙantawa a kan maganar aure, yana da hakkin yin fushi. Wasu suka ce duk wanda ya haɗa kai da maci amana ya zama shi. Wata yarinya ta ce, “To mu wa za mu bi, kakanninmu na can ko garinmu na nan?” Ban ba ta amsa ba, don ni ma tambayar tana cina tun ina saurayi. Amma na lura da abu guda: yaran da na sani a aji ba sa ɗaga hannu, ga su suna katse juna, suna kawo hujja, suna cewa “a'a, koma baya ka karanta wurin.”

Daga nan na samo tsarin da na bi. In faɗi kan labarin kawai, misali “Banza ta kori wofi” ko “Saurin fushi shi ke kawo da na sani”, in ce kowa ya je ya tambayo a gida me ake nufi. Gobe su dawo da bayani iri-iri, wasu da labarin da kakarsu ta ba su a kan karin maganar. Sa'an nan in karanta na Imam, in tsaya a tsakiya daidai inda abu ya ɗaure, in rufe littafin. Ihu! “Ustaz, don Allah ƙarasa!” In ce sai kun faɗa mini abin da zai faru da dalilinku. Wannan dabara ba tawa ba ce, wurin aku na sato ta.

Ranar da muka yi labarin Kalala da Kalalatu, kotu muka kafa. Matar ta cinye kajin da aka soya don baƙo, ta kuma haɗa mijin da baƙon gudu da ƙarya biyu, kowa da tasa. Na naɗa alƙali, na ba Kalalatu lauya. Wadda ta tsaya mata wata yarinya ce 'yar kimanin shekara goma sha biyu, wadda na koyar a aji huɗu, ban taɓa jin muryarta ta wuce “na'am” ba. Ta gyara mayafi ta ce, “Allah ya gafarta malam, ina da tambaya. Tun da aka fara soya kaji a gidan nan, an taɓa cewa Kalalatu ga cinya taki?” Matan da ke girki a barandar aji suka fashe da dariya, wata ta yi guɗa. Alƙali ya rasa ta cewa, ya ɗage shari'a.

Da na ga bakinsu ya buɗe, sai na juya su zuwa aikina na asali. Na ce kowa ya rubuta hukuncin da zai yanke wa Kalalatu, da Larabci. Takarda ta yi tsada, don haka a bayan tsofaffin takardun jarrabawa suka yi, wasu a allon makarantar allo. Kurakuran nahawu suna nan yadda na san su, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji. Amma a karon farko akwai abin gyarawa. Yarinyar nan ta cika shafi har ta juya. Da can in na ba da insha'i a kan “Damina” ko “Ranar Idi”, layi uku da aka haddace nake samu daga kowa, iri ɗaya. Ashe ba Larabcin ne kaɗai ya tsare su ba. Ba su taɓa samun wurin da za su yi tunanin abin da harshen da suke tunani da shi ba, kafin a ce su zuba shi a wani.

Wani abin da ya taimaka shi ne labaran ba baƙi ba ne ga Larabci. Da na karanta na baƙauyen da 'yan birni suka raba da akuyarsa da jakinsa da tufafinsa, wani yaron Madani ya ce ai wannan irin na Juha ne, gwanin barkwancin labaran Larabawa. Da muka zo kan Ƙamaruzzaman na gaya musu daga Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, aka ɗauko shi, na ba su yadda yake a can, muka gwada: me Imam ya rage, me ya ƙara, ina ya sa wa mutanen rawani da babbar riga suka zama namu? Yaro ɗan aji shida yana kwatanta nassi biyu cikin harsuna biyu, abin da sai a sakandare ake fara tunaninsa.

Tsofaffi ma sun shigo ciki ba da gayyata ba. Yaranmu ba su san anini ko sule ba, ba su san Galadima ko Barde ba, sai in tura su wurin kakanni. Wata tsohuwa ta aiko jikanta ya gaya mini wai na karanta wata kalma ba daidai ba, na ja inda ba a ja. Da gaskiyarta: rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, wanda bai taɓa jin kalmar ba dole ya yi tuntuɓe. Daga ranar takan zo da 'yar kujerarta ta zauna a gefe, in na kauce ta buga sandarta a ƙasa.

Masu son koyon baƙaƙen na ware musu safiya. Da gawayi muke rubutu a jikin katanga. Wahalarsu biyu ce: fara layi daga hagu, da rubuta kowane wasali a fili, tunda a Larabci sun saba barin gajerun. Ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba su ba su wuya ba ko kaɗan, sautukan suna bakinsu tun suna goye, ƙugiyar kawai aka nuna musu.

Akwai wani saurayi ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida, daga Madani. An kashe wansa a hanyar fitowa. Ba ya zama da mu, yakan jingina da katanga daga nesa, hannu a aljihu. Wata rana mahaifiyarsa ta same ni ta ce, “Ustaz, ɗanka ya ce sansani zai tafi. Na yi kuka, na yi rantsuwa, ya ƙi ji. Shi kaɗai ya rage mini.” Na ce, “Hajiya, ba ni da abin da zan riƙe shi da shi, amma turo mini shi.” Da ya zo ban yi masa maganar sansani ba. Na ce idona ya fara gajiya, ina neman wanda zai karɓe ni karatu, kuma na ji ya yi Ingilishi a makaranta, haruffan ba za su ba shi wuya ba. Ya ce na kwana nawa? Na ce har mu gama na ɗaya. Da muka gama na ɗaya na ce ai ba a barin gasar ba da labari ta aku da abokin karawarsa Haziƙ a tsakiya, ga shi gara ta ci wasu shafuka, sai mai kai ya cike gurbin da bakinsa. Ya cike su kuwa, har yara suka fi son nasa ƙarshen a wani labarin.

Muna cikin na biyun, wata rana bayan an watse, ya tsaya yana kaɗe ƙurar littafin ya ce, “Ustaz, na gane fa. Ni ne Musa, kai ne akun.” Na ce, “To, ka ga Waziri a waje ko ba ka gani ba?” Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, “Gobe wane za mu karanta?”

Shi bai tafi ba. Wasu biyu daga cikin masu zuwa gindin bishiyar sun tafi, labari bai riƙe su ba, ɗaya har yau ba a san inda yake ba. A ƙarshen Yunin 2024 Singa, babban birnin jiharmu, ta faɗi, hanyoyi suka toshe, iyaye da yawa suka kwashe 'ya'yansu, zaman namu ya watse. Saurayin da mahaifiyarsa suka nufi Gadarif. Na ba shi littafi na uku ya tafi da shi, tunda ba mu kai gare shi ba.

Da aka sake buɗe makaranta na je wurin shugabanmu na roƙi darasin ƙarshe na ranar Alhamis. Ya ce, “Ustaz, manhaja ba ta san Hausa ba, in mai duba makarantu ya zo me zan ce masa?” Na ajiye masa takardun insha'in yaran, na da da na yanzu, na ce ya karanta. Ya jujjuya su, ya daɗe a kan na yarinyar nan lauyar Kalalatu. Sa'an nan ya ce a jadawali za a rubuta “ta'abiri”, wato darasin insha'i, abin da na yi a ciki ruwana, amma rubutun da za a miƙa masa ya zama da Larabci. Na ce na yarda. Wani tsohon abokina a Kano ya ɗauko mini hoton shafukan da gara ta ci ya turo ta WhatsApp, na kwafe su da hannu na liƙa a wurarensu. Na ukun kuma ya ce zai ba wani ɗalibi mai zuwa Bur Sudan ya taho mini da sabo.